Yadda ake bibiyar tashin burkutu daga daren tsami har ta nuna

Burkutu giyar dawa ce wadda mata suka fi dafawa a Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Taraba, Adamawa da ƙasar Zuru. 'Yan uwanta suna maƙwabta: fito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi. A jihohin da suka ɗauki shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, irin su Zamfara, Kano da Sakkwato, doka ta hana dafa ta da sayar da ita, don haka bayanin nan na wuraren da aka halatta sana'ar ne.

Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki daga dogaro da kumfa take zuwa. Kumfa tana nuna cewa yis, wato yistin da ke sa ƙullu ya tashi, yana aiki, amma ba ta faɗin yawan zaƙin da ya rage a tukunya, kuma raguwar zaƙin nan ita ce ainihin ma'aunin tashi. Tukunya tana iya tumbatsa da kumfa alhali rabin sukarinta na nan, wata kuma ta yi lamo alhali aiki na ci gaba a ƙasa.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Halittu uku ne suke karɓa-karɓa a ruwan dawa, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. Na farko ƙwayoyin tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono, su ne ke aiki a daren tsami, wato daren da ake barin ruwan dawa ya kwana ya yi tsami. Na biyu yis, wanda ke cin sukari ya fitar da barasa da iskar kabon. Na uku ƙwayoyin binega, masu cin barasar su mayar da ita ruwan khal da zarar sun sami iska. Biyun farko ake gayyata, na ukun kuwa shigowa yake yi da kansa ta ƙafar ƙuda da ƙwaryar da ba a wanke ba. Duk binciken da za a yi, manufarsa a san wanne ne daga cikin ukun yake riƙe da tukunya a wannan sa'ar.

Lissafin da ke ƙasa na dahuwar lita 20 ne: kimanin kilo 5 na garin tsiron dawa da lita 25 na ruwa, wanda tafasa za ta rage shi.

Kayan aiki

Ma'aunin zafi na kicin mai kai digiri 100. Takardar gwajin tsami, wato takardar pH, wadda ke karanta tsakanin 3 da 6. Ruwan aidin na kemis. Haidiromita, wato na'urar gilashin da ake sakawa a ruwa ta nuna yawan sukarin da ke cikinsa, da doguwar kwalbarta, idan an samu a shagon kayan gwaje-gwajen makarantu. Idan ba a samu ba, ƙaramin sikelin kicin mai auna giram da gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi za su yi aikin. Sai ludayi ɗaya da aka ware don ɗiban gwaji kawai, wanda ake tsomawa a tafasasshen ruwa kafin kowane ɗiba, da farin ƙyalle na tata, da littafi da biro. Abin da aka ɗiba don gwaji ba ya komawa tukunya.

Mataki na farko: a tabbatar akwai abin da yis zai ci

Yis ba ya cin sitaci, sai sukari. Tsiron dawa ne ke ɗauke da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari, amma akwai cikas: sitacin dawa ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa sama, zafin da ke lalata waɗannan sinadaran. Hikimar masu dafawa tun dā ita ce a dama gari da ruwan sanyi, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a ajiye, a dafa ƙullun ƙasa har ya yi kauri, sannan a mayar da ruwan saman a gauraya. Ruwan saman shi ke ɗauke da sinadaran. Bayan an haɗa, zafin ya kamata ya sauka tsakanin digiri 60 da 65, a rufe a bar shi awa ɗaya zuwa biyu.

Alamar farko ita ce kaurin ya saki, muciya ta riƙa yawo ba tare da nauyi ba, ruwan kuma ya yi zaƙi sosai a baki. Don tabbatarwa, a ɗiga ruwan a farin faranti, a bari ya huce, a sa ɗigon aidin ɗaya. Idan ya koma baƙi-shuɗi nan take, sitaci na nan da yawa, a ƙara lokaci. Idan ya tsaya ja-ja ko ruwan ƙasa, ya narke. Burkutu ba ta buƙatar sitacin ya ƙare kaf, domin ragowarsa ce ke ba ta jiki, amma baƙi wuluk bayan awa biyu yana nufin tsiron bai yi ƙarfi ba ko an zuba ruwan saman a ƙullu mai zafi fiye da kima. Irin wannan ruwa ko an zuba masa yis mai kyau, giyar za ta fito da kauri ba ƙarfi. A zubar da abin da aidin ya taɓa.

Mataki na biyu: daren tsami

Ana barin ruwan ya kwana, awa 12 zuwa 16. Ƙwayoyin tsami sun fi son ɗumi mai ƙarfi, tsakanin digiri 40 da 50, shi ya sa ake rufe tukunya da buhu ko tsohon bargo, musamman da hunturu a wurare masu sanyi irin Jos da Mambila. Idan ruwan ya huce da wuri ya daɗe a wajen digiri 30, wasu ƙwayoyin na daban su ke riga su, kuma su ne ke kawo wari irin na amai ko na man shanun da ya lalace. Wannan wari tafasa ba ta fitar da shi duka.

Da asuba a duba abu uku. Ƙamshi ya zama na ƙullun koko mai kyau. Ɗanɗano ya zama tsami mai tsabta a gefen harshe, amma zaƙi na nan a bayansa. Takardar pH kuma ta nuna tsakanin 3.5 da 3.8. Idan tana sama da 4.2, tsami bai kama ba, a ƙara awa biyu zuwa uku a wuri mai ɗumi a sake gwadawa. Idan ta kusa 3.2, a ɗora a wuta nan take. Tsamin da ya wuce haka yana danne yis, kuma ba a iya rage shi daga baya.

Tafasar da ke biyo baya ita ce ke tsayar da tsami a inda aka so, domin tana kashe ƙwayoyin. Masu dafawa kan bar ta awa uku zuwa fiye, har ruwan ya ragu ya yi duhu. Wannan tafasa tana da wani amfanin: saiwa da ganyen tsiron dawa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, shi ya sa ake murje su a sheƙe kafin niƙa, tafasa a buɗe kuma tana korar abin da ya saura. Gubar funfuna kuwa wuta ba ta kashe ta, saboda haka tsiron da ya yi kore ko baƙi a shanya ba ya shiga dahuwa.

Mataki na uku: hucewa, awon farko da zuba iri

Nan ake yawan kashe giya tun kafin ta fara. Ba a zuba iri, wato yis ɗin da zai tayar da giyar, sai ruwan ya sauko ƙasa da digiri 32. Yis yana wahala daga digiri 35, kuma a ruwan da ya haura 45 yawancinsa mutuwa yake yi. Saman tukunya yana ruɗi, domin yana hucewa kafin tsakiya. A gauraya tukuna, sannan a tsoma ma'auni har tsakiya. Raba ruwan a faffaɗan kwanoni yana gaggauta hucewa, amma a rufe su da ƙyalle saboda ƙuda.

Kafin iri ya shiga, a ɗauki awon farko. Idan aka rasa wannan awo, duk wanda za a yi nan gaba ba shi da abin kwatantawa. A tace ruwa kaɗan ta ƙyalle ninki biyu, domin tsaki da dusa suna ɗaga haidiromita su ba da lamba ta ƙarya. A cika kwalbar, a saki haidiromita a hankali, a murza ta da yatsu biyu don ƙananan kumfa su rabu da jikinta, a sa ido daidai da saman ruwa a karanta. Ruwa zalla yana nuna 1.000. Ruwan burkutu mai kyau yakan faɗa tsakanin 1.040 da 1.050. Yawancin haidiromita an daidaita su ne a digiri 20, don haka idan ruwan gwajin yana digiri 30 a ƙara 0.003 a kan abin da aka gani, idan yana 35 a ƙara 0.004. A rubuta lambar, zafin da kuma lokacin.

Iri kan zo daga laka mai kauri ta gindin tukunyar da ta gabata, rabin lita zuwa lita ɗaya ga lita 20. A Burkina ana shanya shi a ajiye, suna ce masa rabile. Irin da ya haura kwana biyu a jiƙe cikin zafi ya riga ya cika da ƙwayoyin binega, kuma duk aibin tsohuwar tukunya zai kai wa sabuwa. Wanda zai yi amfani da busasshen yis na leda, giram 10 ya isa, wato kimanin babban cokali ɗaya. A jiƙa shi a rabin kofi na ruwan dawar mai ɗumi, a jira minti 15 zuwa 20. Idan bai kumbura ya yi kumfa ba, ya mutu, a nemi wani.

Mataki na huɗu: bin tukunya sa'a bayan sa'a

A ɗaki mai zafin digiri 27 zuwa 30, ga yadda abin yakan tafi.

Daga awa 2 zuwa 4, ƙananan kumfa farare suna jeruwa a gefen tukunya inda ruwa ya haɗu da bango. Idan aka kanga kunne a jikin tukunyar ana jin wani siririn sauti kamar na yayyafi a kan kwano. Daga awa 6 zuwa 12 kumfa ta rufe sama gaba ɗaya, tana da kauri, tsaki na hawa yana sauka, ƙamshin burodi mai tashi ya cika ɗakin. A wannan lokacin tukunyar kan fi ɗakin zafi da digiri biyu zuwa biyar, domin yis da kansa yana fitar da zafi. Daga awa 12 zuwa 24 kumfar ta fara faɗawa daga tsakiya, tana barin zobe mai ruwan ƙasa a bango, zaƙi ya ja baya, wani ɗan yaji ya fito a harshe.

A duba zafi duk bayan awa huɗu a rana ta farko. Da bazara, a wurare irin Yola da Garwa inda rana ke haura digiri 40, tukunyar ƙasa ta fi roba, domin tana tsattsafo tana sanyaya kanta. A ajiye ta a jiƙaƙƙen yashi, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, a zuba iri da yamma don ƙarfin tashin ya faɗa cikin dare. Tashin da ya yi zafi fiye da digiri 35 yana gamawa da sauri, amma yana haifar da wasu nau'o'in barasa masu kaifin wari waɗanda ke sa ciwon kai. Da hunturu kuma akasin haka ne: a ɗaga tukunya daga sumunti, a ɗora ta a kan katako, a lulluɓe. Ƙasa da digiri 18 irin gida yakan yi nauyin jiki, aikin kwana ɗaya ya koma na kwana biyu ko uku.

Kada a cusa kai cikin duro don a sansana. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a saman giya da ƙasan ɗaki, kuma shaƙa ɗaya mai ƙarfi tana iya sa jiri. A kaɗo iskar da hannu zuwa hanci, ɗakin kuma a bar tagarsa a buɗe. Yara ba sa kwana a ɗakin da manyan tukwane ke tashi.

Awo na biyu a awa 12, na uku a awa 18, na huɗu a awa 24. Yanzu da yake akwai iska a cikin ruwan, sai an juya shi tsakanin kofi biyu sau goma ko fiye har kumfa ta mutu kafin a tace a auna. Ruwan da ya fara a 1.045 yana iya nuna wajen 1.030 a awa 12, ya sauko 1.018 a awa 24. Don sanin ƙarfin barasa, a cire awon yanzu daga awon farko a ninka da 131. A wannan misali, 0.027 sau 131 ya ba da kusan kashi 3.5 cikin ɗari. Burkutu yawanci tana tsakanin kashi 2 da 6.

Kada a jira lambar ta kai 1.000. Tsiron dawa ba ya narkar da sitaci sosai kamar na sha'ir, saboda haka akwai ragowar da yis ba ya iya ci, kuma giyar takan tsaya a wani wuri tsakanin 1.010 da 1.018. Masu na'urar nan ta leƙawa da ake ɗiga ruwa a kan gilashinta su sani cewa awonta na farko ne kaɗai abin dogaro, domin barasa tana karkatar da ita ta nuna sukari fiye da wanda ke akwai.

Gwajin sikeli ga wanda ba shi da haidiromita

Wannan hanya ta fi dacewa da giya mai kauri, domin tsaki ba ya ruɗa ta. Duk sukarin da yis ya ci, kusan rabinsa yana zama barasa, rabi kuma ya fice a matsayin iska, don haka ruwan yana rage nauyi. Da zarar an zuba iri an gauraya, a ɗebi lita ɗaya cif a zuba a gorar roba, a sa balan-balan da aka huda da allura a bakinta, a ɗora a sikeli a rubuta nauyin. A ajiye gorar jingine da tukunya a ƙarƙashin mayafi ɗaya don zafinsu ya zo ɗaya. Duk lokacin awo, a ɗan girgiza ta iska ta fita, a goge jikinta, a auna.

Kowane giram ɗaya da lita ta rasa daidai yake da kusan kashi 0.13 na barasa. Idan gorar ta rasa giram 15, ana wajen kashi 2. Idan ta rasa 27, ana wajen kashi 3.5. Abin da ya fi lambar amfani shi ne saurin raguwar. A tsakiyar tashi gorar na iya rasa giram biyu ko fiye a awa. Idan awa huɗu suka wuce ba ta rasa fiye da giram ɗaya ba, yis ya kusa gamawa. Ƙaramar gora takan ɗan makara a bayan babbar tukunya, a riƙa la'akari da wannan.

Idan tukunya ta ƙi tashi ko ta tsaya a hanya

Awa 8 babu kumfa, babu sauti, awo bai motsa ba: ko dai an zuba iri a ruwa mai zafi, ko irin matacce ne, ko sanyi ya yi yawa. A auna zafi. Idan sanyi ne, a tsoma jarka mai tsabta cike da ruwan zafi a tsakiyar tukunya har ta kai digiri 27. Idan zafin daidai ne, a tayar da sabon yis a kofi kamar yadda aka faɗa a zuba. Kada a bar shi zuwa gobe, domin ruwa mai zaƙi da ɗumi wanda yis bai kama ba, wasu ne za su kama shi.

Idan ta tashi sannan ta tsaya a wajen 1.028 da zaƙi mai yawa, akwai gwaji mai raba gardama. A ɗebi kofi ɗaya, a zuba masa ƙaramin cokali guda na busasshen yis, a ajiye a wuri mai ɗumi. Idan ya tashi da ƙarfi cikin awa biyu zuwa uku, matsalar daga yis ɗin tukunya ce, a gauraya gindin a ƙara sabo. Idan bai motsa ba, a ɗebi wani kofin a ƙara masa yis da cokalin sukari. Wannan in ya tashi, to abin da ya rage a tukunya ba mai ciwuwa ba ne, laifin yana mataki na farko, kuma ƙarin yis ba zai gyara komai ba. In shi ma bai tashi ba, tsami ne ya yi yawa, a duba takardar pH.

Abin da hanci da ido ke faɗa

Warin ruɓaɓɓen ƙwai kaɗan a tsakiyar tashi alamar yis ne da ya wahala, yakan tafi idan an sassauta zafi. Wari mai kaifi irin na ruwan goge farce yana nufin zafi ya yi yawa ko binega ta fara shigowa. Idan aka ɗaga ludayi giyar ta biyo shi da zare, yauƙi ne na ƙwayoyin da suka maƙale a tsagar tukunya ko ƙwarya, sai dai idan dargaza ko karan kuɓewar da wasu ke sawa don ruwa ya kwanta ne ya yi yawa. Farar fata siririya a sama bayan kwana biyu tana nufin iska ta samu shiga kuma giyar ta wuce lokacinta. Funfuna mai gashi, kore ko baƙa, hukuncinta zubarwa ne, ba a kwashe saman a sha ƙasan.

Ɗanɗanon ƙarfe daga mazubi yake zuwa. Ruwa mai tsamin pH 3.5 yana cin tsatsa da kwanon da aka shafe da zinki, kuma a kudancin Afirka likitoci sun daɗe da gano ciwon hanta da taruwar ƙarfe ke kawowa ga masu shan giyar da aka dafa a durom na ƙarfe. Tukunyar ƙasa ko robar da aka yi don abinci ita ce ta dace da tsami da tashi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, fetur ko fenti ba ta wankuwa. Haka nan babu abin da ake ƙarawa a tukunya don ta yi ƙarfi, ba ƙwaya, ba batir, ba sifirit. Mutanen da suka mutu a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan shan ogogoro, sinadarin metanol ne ya kashe su.

Lokacin fitarwa

Burkutu ana shan ta ne tana raye, da sauran tashi a jikinta. Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da kumfa ta fara faɗawa, awo ya sauko kusan kashi biyu cikin uku na tafiyarsa, zaƙi da tsami suka yi daidai, kuma idan an zuba a ƙwarya ƙananan kumfa na ci gaba da tasowa. Daga nan agogo ya fara gudu. Muddin yis na aiki, iskar kabon tana rufe saman giya tana kare ta. Da ya lafa, iskar waje ta sauko, ƙwayoyin binega su fara aiki, kuma da zafi kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su. Ana gane shigowarsu da tsami mai hawa hanci da maƙogwaro, sabanin tsamin daren farko da ke tsayawa a harshe, takardar pH kuma ta ci gaba da sauka alhali awon sukari ya tsaya cak. Masu kunun zaƙi da ba sa son barasa ko kaɗan a kayansu suna iya amfani da alamomin nan ta ɗaya gefen: gorar kunu da ta kumbura ta yi tauri, ta yi huci da aka buɗe ta, yis ya riga ya fara aiki a cikinta.

Don a ja lokaci, a raba giyar a ƙananan mazubai a cika su har wuya, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya, a rufe kowanne da ƙyalle ko murfin da ba a ɗaure ba, a ajiye a wuri mafi sanyi a gida. Ba a taɓa toshe giya mai tashi a kwalbar gilashi, domin iskar da ke taruwa tana fasa ta. Kafin a fara ɗiba don sha, a kwashi irin dahuwa ta gaba daga gindin tukunyar da ta fi tsabtar ƙamshi, a zuba a mazubin da aka wanke da tafasasshen ruwa, a yi amfani da shi cikin kwana biyu ko a shanya shi a inuwa a kan ƙyalle mai tsabta.